Tsingaro Ma da Ranarsa

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau da tambaya zan fara, kuma iyayenmu mata nake yi wa ita. Yaushe rabonku da daɓe? Na san yaran yanzu da yawa ba su taɓa gani ba. Ni kam na gani ina yaro, a gidan kakata, ana shirin kawo amaryar kawuna. Tun da sassafe matan unguwa suka cika gidan, kowace da madaɓinta. An riga an zuba ƙasa da tsakuwa a ɗakin an baje, makuba kuma ta kwana a jiƙe cikin tukunya. Suka durƙusa a jere, kafaɗa da kafaɗa, suna duka suna waƙa, madaɓai na sauka tare sai ka ce mutum ɗaya ke riƙe da su. Wata tsohuwa na bin su da ƙwarya tana yayyafa ruwan makuba. Kafin la'asar ƙasan ɗakin ya yi sumul yana sheƙi. Ba a biya kowa ko kwabo ba, tuwo aka ci, aka sha fura. Amma ko bayan shekaru, idan ɗaya daga cikin matan nan ta shigo ɗakin, sai ta fara duban ƙasa kafin ta dubi mai ɗakin, domin da hannunta a ciki.

Wannan duban da take yi wa ƙasan ɗakin shi ne abin da nake so mu tattauna a kai yau. Sai dai za mu yi tafiya mai nisa kafin mu dawo gida, har Amurka za mu je.

Akwai wani irin ado da ake yi wa bango da daɓen ƙasa, ana ce masa mozayik, Larabawa kuma su ce fusaifisa. Gutsattsarin tangaran ne, da fasasshen tayil, da madubi, da gilashi mai launi, da tsakuwa, ake jerawa ɗaya kusa da ɗaya a kan siminti har zane ya fito. Kun san ɗan uwansa a nan gida, wato fasasshen tayil ɗin nan da ake saye da araha a shimfiɗa a tsakar gida ko bakin shago. Sana'a ce tsohuwa ƙwarai. A birnin Uruk, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, sama da shekara 5,000 da suka wuce, magina kan cusa 'yan turakun yumɓu masu launi a jikin bangon laka su fitar da zane.

Akwai kuma wata al'ada a jami'o'in Amurka da Turai. Jami'a kan gayyato gwanin wata fasaha ya zo zaman baƙunci, na 'yan makonni ko na zangon karatu guda. Ta ba shi masauki, da ɗakin aiki, da kayan aiki, da ɗan abin hasafi. Ba lallai ne ya shiga aji ya ba da lacca ba. Abin da ake so shi ne ya yi sana'arsa a gaban ɗalibai, su gani, su sa hannu. Idan gwanin mozayik ne, sau da yawa akan fitar da aikin waje, a nemi bangon wata makarantar firamare, ko ɗakin karatu, ko tashar mota, a kira mutanen unguwa, yara da manya, a yi tare da su.

To, me ya sa mozayik ya fi dacewa da irin wannan gayya fiye da zanen fenti? Ku lura, idan ka miƙa wa wanda bai taɓa zane ba buroshi ka ce ya ja layi a bango, hannunsa rawa zai yi, kuma kuskurensa kowa zai gani. Amma gutsuren tangaran, yaro ɗan shekara shida zai iya ɗora shi, tsohuwa ma za ta iya. Idan bai zauna daidai ba a ɗaga a sake tun siminti bai kama ba. Aikin kuma yana rabuwa, wannan na fasa tayil, wancan na ware launi, ja nan, shuɗi can, wani na kwaɓa siminti, wani na gogewa. Ga shi kayan aikin rabinsu abin zubarwa ne. Bangon kuma ba ya koɗewa da rana kamar fenti, domin launin a gashe yake a jikin tangaran.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauko wannan batu.

Akwai wata malama, sunanta Lily Yeh. An haife ta a ƙasar Sin a 1941, ta tashi a Taiwan, ta je Amurka ƙarin karatu a 1963. Daga 1968 ta fara koyar da zane da tarihin fasaha a wata makarantar Filadelfiya da daga baya ta zama jami'ar fasahohi ta birnin. Shekara 18 tana aji, tana baje kolin zanenta a ɗakunan da masu hali ke shiga.

A arewacin birnin akwai unguwannin baƙar fata da talauci ya yi wa katutu. Masana'antu sun rufe, aiki ya ƙare, masu ɗan ƙarfi sun tashi, gidaje sun zama kangaye, ƙwaya ta shiga matasa. A can wani shahararren malamin rawa, Arthur Hall, yake da cibiyar koyar da rawa da kiɗan Afirka, wadda ya raɗa wa suna Ile Ife, sunan tsohon birnin nan na Yarabawa. Kusa da cibiyar akwai wani fili da ya zama juji. A 1986 ya roƙi malamar ta mayar masa da filin wurin shaƙatawa. Hukumar fasaha ta jihar Fensilbaniya ta ba ta tallafin dala 2,500. Ku lura da wannan, gayyatar daga cikin unguwa ta fito.

Ta ji tsoro, kuma ba ta ɓoye ba. Baƙuwa ce, ba ta san kowa ba, ba ta taɓa gina komai a waje ba. Manyan unguwa suka zuba mata ido daga nesa, don sun saba ganin baƙi su zo da alkawari su ɓace. Yara ne suka fara matsowa. Suka ga wata mata na kwashe shara da shebur, suka ce a ba su su ma. Sai kuma wani mutum guda da ke zaune a gefen filin, Joseph Williams, ana ce masa Jojo, wanda ya zama mataimakinta kuma garkuwarta. Da ɗan gari akan ci gari. Ba su da kuɗin sayen manyan itatuwa, sai suka gina nasu da siminti, daga baya aka lulluɓe su da gutsattsarin tayil. Hutu ya ƙare ta koma aji, wani hutun ya zagayo ta dawo. A 1989 aikin ya zama ƙungiya mai rajista, da suna mai ma'anar Ƙauyen Fasaha da Al'adu.

A nan nake so ku ƙara kasa kunne, domin mutumin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan ba malamar ba ce. Wani ne mai suna James Maxton, wanda unguwa ke kira Big Man saboda girman jikinsa, tsawonsa ƙafa 6 da inci 8. Ya shafe kusan shekara 20 yana shan ƙwaya yana kuma sayarwa, har jikinsa ya lalace, ga ciwon sukari. Jojo ne ya ba shi wurin fakewa, ta haka ya faɗo cikin aikin. Bai taɓa karatun zane ba. Malamar takan zana siffa a jikin bango, ta nuna masa yadda ake fasa tayil da yadda ake jerawa, shi kuma ya zauna yana ɗora gutsure bayan gutsure.

Akwai wani lungu a unguwar, duhu da shara da masu sayar da ƙwaya sun hana mutanen kirki bi. A bangon wannan lungu suka jera manyan siffofi na masu tsaro, waɗanda malamar ta ɗauko salonsu daga tsofaffin zane-zanen Habasha, Maxton ya cike su da tangaran da madubi. Mutane suka fara tsayawa suna kallo, suna ce masa aiki ya yi kyau. Ku yi tunanin mutumin da ya shekara 20 ba a taɓa yaba masa a kan komai ba, wanda iyaye ke janye 'ya'yansu idan sun hango shi, yau ga shi ana nuna bango ana cewa aikinsa ne. Ya bar ƙwaya. Ya zama babban gwanin mozayik na ƙungiyar, ya zama mai kula da ayyukanta na yau da kullum, yana koyar da yara, yana kuma jagorantar zaman masu fafutukar rabuwa da shaye-shaye. Ya rasu a 2005.

Ba na cewa tangaran magani ne, kada a fahimce ni a baibai. Wanda ƙwaya ta kama yana bukatar likita, da dangi, da addu'a. Abin da nake cewa shi ne, aikin nan ya ba mutumin abu biyu da ya rasa, dalilin tashi da safe da kuma mutunci a idon maƙwabta. Kuma bai same su a mako biyu ba. Malamar ta yi shekara 18 a unguwar, daga 1986 zuwa 2004. A 1998 ma ta ajiye aikin jami'a gaba ɗaya. A tsawon wannan lokaci filaye sama da 100 da suka zama juji aka mayar da su lambuna da wuraren hutawa.

Bari in ɗan ratse, domin akwai abin da ya burge ni. Wurin shaƙatawar nan na farko sunan Ile Ife ya ci. To, a Ile-Ife ta ainihi, nan Jihar Osun, masu binciken kayan tarihi sun tono tsakar gidaje da hanyoyi da aka shimfiɗe da tsingaron tukwane, an kafa su a tsaye gefe da gefe, a jere kamar ƙayar kifi, wasu an haɗa da farar tsakuwa. Aikin ya kai shekara 600 zuwa 800. Ashe sunan da ya tsallake teku ya tarar da sana'ar gidansu a can.

(Ɗan kiɗa)

Madalla. Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan bangon mozayik da jama'ar unguwa ke yi da hannunsu tare da gwanayen jami'a.

Yaya ake yinsa? Aikin ba ya farawa da siminti, da zama yake farawa. Gwani ya tara mutane ya tambaye su, me kuke so jikokinku su gani a bangon nan? A ba yara takarda su zana, tsofaffi su ba da labarin unguwa. Shi kuma ya tattara ya fitar da zane guda, ya dawo da shi a duba, a gyara. Daga nan hanya biyu ce aka fi bi. Ko dai a zana a jikin bangon kai tsaye, a shafa siminti kaɗan-kaɗan ana manna gutsattsarin, ko kuma a shimfiɗa zanen a tebur, a ɗora raga a kai, a manna gutsattsarin a jikin ragar, a yanka ta kashi-kashi, sannan a kai bango a haɗa. Hanya ta biyu ta fi sauƙi ga taro, domin kowane aji ko kowane gida zai iya ɗaukar kashinsa, tsofaffi su yi a zaune a inuwa, ba mai hawa tsani sai ranar mannawa. Inda jami'a ke da murhun gasa tangaran, akan ba kowa ɗanyen yumɓu ya buga tafin hannunsa ko ya rubuta sunansa, a gasa, a sa a bangon.

Mataki na ƙarshe shi ne cike tsagogi, irin yadda masu tayil ke yi da farin siminti. Wanda bai sani ba zai ɗauka an ɓata aikin, don ana dame fuskar zanen gaba ɗaya, komai ya ɓace. Sai a ɗan jira, a bi da jiƙaƙƙen soso, a sake bi da busasshen tsumma, launuka su fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Gargaɗi ga duk mai son gwadawa: a rufe tayil da tsumma kafin a sa masa guduma, a sa tabarau, don ɓarɓashinsa na tsalle ya shiga ido. A sa safar hannu, domin ɗanyen siminti na cin fata. Bangon kuma ya zama mai ƙwari, wanda ruwa ba ya kwanciya a bayansa, in ba haka ba damina biyu ta isa ta ɓamɓare aikin.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi, kuma zan faɗe shi ƙarara. Ba kowane zaman baƙunci ne ke cin sunansa ba. Akwai wanda gwani zai sauka da zanensa a gama cikin jaka, a tara yara rana ɗaya su manna 'yan gutsattsari, a ɗauki hoto, shugabanni su yanke kyalle, kowa ya watse. Wannan ba gayya ba ce, an ari hannun mutane ne kawai. Bayan shekara uku tayil ya fara zubowa, jami'a ta ce ai bangon na unguwa ne, unguwa ta ce ai na jami'a ne. Ni ma'aunina guda ɗaya ne. Ranar da baƙo ya ɗaure kayansa, shin ya bar wani ɗan unguwa da zai iya gyara bangon, har ya yi wani sabo ba tare da shi ba? Idan ya bar irin su Maxton ko da mutum ɗaya ne, zaman ya yi albarka. Idan bango kaɗai ya bari, to kwangila ya yi.

Malama Lily ta kai wannan salon aiki wasu ƙasashe. A Ruwanda, inda aka hallaka mutane kimanin 800,000 cikin kwana 100 a 1994, ta yi aiki daga 2005 da waɗanda suka tsira a Rugerero, kusa da Gisenyi. Ƙasusuwan 'yan uwansu na ajiye a wani wuri mai rufin kwano, ba kyan gani. Tare da su aka gina makwanci na mutunci, su da kansu suka koyi fasa tayil suka yi masa ado, aka buɗe a watan Afrilun 2007.

Na san wani a cikinku na cewa, Malam, mu fa Musulmi ne, ina mu ina zana siffofi a bango? Tambaya ce mai kyau, kuma magabata sun riga sun amsa ta da aiki. Babban masallacin Dimashƙu, wanda Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya gina wajen shekara ta 706 zuwa 715, bangayensa mozayik ne na gilashi da ruwan zinariya, itatuwa da ƙoramu da gidaje, babu mutum babu dabba. Haka Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus. A Fas ta Maroko har gobe ana yanka tangaran da hannu ana jera taurari da sarƙaƙƙun layuka, suna kiransa zallij. Mu kuma muna da dagi, muna da zanen da magina ke yi wa fuskar gidaje a Zariya da Kano da Damagaram, ga na hula, ga na aska takwas a wuyan riga, ga na ƙwarya. Abin zanawa bai ƙare mana ba.

Gwanaye ma muna da su. Marigayi Yusuf Grillo, wanda ya yi karatu a Zariya kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, ya yi wa manyan gine-ginen Legas ado da mozayik. Jimoh Buraimoh na Oshogbo, wanda shi ma ya taɓa karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi suna a zanen duwatsun ado da mozayik har Amurka. Fitar jami'a cikin gari ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1968 Jami'ar Ife ta buɗe cibiyar Ori Olokun a tsakiyar gari, inda malamai irin su Solomon Wangboje suka zauna da matasan da ba su da takardar shiga jami'a suna koya musu zane. Jami'ar Ahmadu Bello kuma a 1977 ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa, maginiyar tukwane da ba ta yi boko ba, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Wato an taɓa yarda cewa gwaninta na zaune a ɓangarori biyu na katangar jami'a.

Wani abu kuma, jami'ar da Malama Lily ta koyar shekara 30 ta rufe ƙofofinta a watan Yunin 2024, saboda matsalar kuɗi da ƙarancin ɗalibai. Ƙungiyar da aka fara da yara da shebur a kan juji tana nan tana aiki a unguwar.

Don haka ina kira ga malamanmu na sassan zane da na tangaran, a Jami'ar Ahmadu Bello da sauran jami'o'i da kwalejojinmu. A bakin ƙofarku akwai makarantar firamare mai dogon bango da ba komai a jikinsa sai tallan magani da fastocin 'yan siyasa. Ku je ku gaida mai unguwa, ku zauna da hedimasta da iyayen yara, ku tambaye su abin da suke so. Ku ɗauki magini ko mai tayil na unguwar a matsayin abokin aiki, a biya shi haƙƙinsa, a rubuta sunansa a jikin bangon. Kada ku fara da katanga mai tsawon layi guda, taku uku ya isa a shekarar farko, muddin za ku dawo a ta biyu. Ku kuma masu sayar da tayil, fasassun da ke jibge a bayan shago ku ware wa makarantar unguwarku buhu ɗaya. Iyayenmu mata, ku da kuka san daɗin daɓe, farantin tangaran ɗin da ya fashe a kabad kada a kai shi bola, a nannaɗe shi a tsumma a ajiye inda yara ba sa kaiwa.

Nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.